Kwallin Baba Kofur

Kakana, wanda duk Ƙofar Durbi ke kira Baba Kofur, ba ya ba da labarin yaƙi. Wannan babban zalunci ne ga yaro irina. Kana da tsohon soja a gida, kuna cin tuwo kwano ɗaya, amma in ka tambaye shi mutum nawa ya harbe sai ya ce ka miƙo masa yaji. Saboda haka ni na ɗauki nauyin labarin. A makaranta na ƙara masa girma daga kofur zuwa kanar, da muka dawo hutu na mai da shi janar. Na ce ya taɓa kakkaɓo jirgin sama da majajjawa. Na ce yana da wani harsashi a ɗaka wanda in ya faɗi ƙasa sai an nemi unguwarmu an rasa.

Na ƙarshen nan akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin harsashin yana nan. Kwanson harsashi ne na tagulla, tsawonsa ya ɗan wuce yatsana na tsakiya, kaurinsa kamar babban yatsa. Baba Kofur ɗan maƙera ne, kuma a can kudu, a yaƙin da aka yi tun ba a haifi Babanmu ba, ya zauna cikin ramin ɓuya ya mai da kwanson gidan kwalli. Ya yi masa murfi mai tsini da wani kwanson, ya maƙala wa murfin tsinke daga wayar ƙafar keke. A jiki ya bi da bakin ƙusa ya yi ɗigo-ɗigo, itatuwan kwakwa a jere, da wani layi mai lanƙwasa da Iya ta ce kogi ne. In an rufe shi ko ni da na san shi tun ina rarrafe sai in ga kamar harsashi ne mai rai.

Iya ita ce kakata, kuma ita aka yi wa shi. Daga wurinta na ji ɗan abin da na sani na gaskiya. Ta ce ya tafi tana amarya, ya dawo kamar kara, ba shi da komai sai bargo da wannan abu a aljihu. Kunnensa na dama ya mutu. Ba ya barci, ba ya magana, ba ya duban kowa a ido, kullum kansa na ƙasa kamar ya yar da allura. Wata Juma'a ta daka kwalli ta zuba a kwanson, ta zo ta tsaya a gabansa ta ce ya ɗaga kai.

"Ba don ado na yi ba," in ji ta. "Don shi dube ni na yi. Ai ba a sa wa mutum kwalli kanshi na ƙasa."

Daga nan abin ya zauna. Ya yi gadi a gidajen manya a GRA har gemu ya yi fari, ya dawo ya kafa benci a ƙofar gida yana gyaran risho da fitila, amma duk Juma'a in ya yi wanka ya sa farar riga, sai ya ɗauko kwanson daga ƙarƙashin matashinsa ya zauna a bakin gado yana riƙe da shi gam. Iya za ta zo ta gefen hagu, kunnen da ke ji, ta ce, "Kofur, miƙo nan, rana na yi. Ɗaga kai ka dube ni." Kalmomin ba sa canzawa. Sai ya buɗe hannu, ya ɗaga haɓa, ya ware ido kamar ɗan tsako na jiran tsaba.

Na haddace wannan tsaf, domin sana'ata a gida ita ce kwaikwayon murya. Muryar Iya kuwa na fi ta iya ta. Na taɓa laɓewa bayan labule na sa ƙanwar Babanmu ta wanke kwanukan gidan kaf, har da waɗanda ba a ci abinci a ciki ba. Dukan da na sha ranar, da za a raba wa unguwa da kowa ya samu.

A damunar bara Iya ta kwanta asibiti. Hawan jini ne, ƙafafunta kuma suka kumbura. Juma'a ta zo, Baba Kofur ya zauna a bakin gado da kwanson a hannu. Mamanmu ta ce ta sa masa, ya girgiza kai. Na ce ni in sa masa, tunda ni ne mijin Iya na gaskiya shi riƙon ƙwarya yake yi. Kullum in na faɗi haka yakan ce, "Ɓarawon mata, da mi za ka ciyar da ita?" Ranar kuwa sai ya mayar da abin ƙarƙashin matashi ya tafi masallaci da farin ido. Wata Juma'ar ma haka. Fuskarsa ta zama kamar gidan da aka kwashe wa labule.

Sai Iya ta aiko Mamanmu da saƙo: a gaya wa Kofur in ya sake zuwa mata da wannan idon na marasa lafiya za ta sa a ba shi gadon kusa da ita.

Juma'ar da ta biyo baya aka shirya ni zan raka shi masallaci, daga can mu hau keke napep zuwa asibiti. Ban san ya jefa kwanson a aljihun gaba ba. Bai taɓa fita da shi ko zaure ba.

Kowa ya san yadda ake shiga masallacin Juma'a yanzu. Ana tare hanya da benci, 'yan agaji su tsaya da sandar nan mai ƙara suna shafa mutane ɗaya bayan ɗaya, ɗan sanda da bindiga yana gefe. Ni ina riƙe da darduma, na ɗan tsaya wajen mai dabino ina ɗanɗana masa kaya don in tabbatar ba su lalace ba. Baba Kofur ya riga ni isa benci. Wanda ke riƙe da sandar kuwa ɗan ajinmu ne, wani dogo da ya shiga aikin agaji kwanan nan, yaron da in ka ce masa an ga kada a rijiyar makaranta zai je ya leƙa.

Sandar ta yi ƙara a ƙirjin tsohon. Dogon ya ce, "Baba, mukulli ne?" Ta dama ya tsaya, wajen mataccen kunnen, don haka da bango yake magana. Ya nuna aljihun da hannu. Baba Kofur ya sa hannu ya ciro, tagullar ta yi walƙiya a rana, tsininta na kallon sama.

Na ga fuskar dogon lokacin da ya gane tsohon, sannan ya gane abin. Ya ja da baya har ya ture benci.

"Shi ne," ya ce. "Wanda ke tashin unguwa."

Ni dai ban taɓa cewa bam ba. Duk wanda ya saurare ni da kyau ya san harsashi na ce. Amma kalma in ta shiga taro ba ta tafiya yadda aka sake ta. A bakin benci harsashi ce, a tsakiya ta zama bam, kafin ta kai wajen masu turare an ce su da yawa ne kuma sun zagaye masallacin. Mutane suka watse baya kamar an zuba ruwa a gidan tururuwa. Takalma suka cika titi. Mai dabino ya bar min tiren gaba ɗaya, abin da na daɗe ina roƙon Allah, ga shi ya zo ranar da ba ni da yawun haɗiya.

Daga nan ba zan ƙara komai ba, don abin ba ya bukatar ƙari.

Turereniyar ta kwashe ni ta kai ni baya. Da na samu na kutsa gaba, an riga an bar fili, babban da'ira, Baba Kofur shi kaɗai a tsakiya da farar rigarsa. Wani ya yi yunƙurin fizge abin kafin ya gudu, shi kuwa tsohon ya dunƙule hannu ya manna a ƙirji. Wannan shi ne mafi munin abin da mutum zai yi a wurin. Ɗan sandan ya durƙusa da gwiwa ɗaya bayan benci ya ɗaga bindiga.

"Baba, ajiye abin da ke hannunka. Ajiye shi a hankali."

Shi ma ta dama yake.

Huɗuba na ci gaba a lasifika, liman bai san me ake ciki a waje ba. A kusa da ni wani mutum mai shuɗiyar shadda ya ɗauki ƙafar benci da ta karye. Wani ya sunkuya ya ɗauki dutse. Na taɓa ganin abin da taro ya yi wa wani da aka ce ɓarawo ne a bakin kasuwa, kuma na san ba a tsayawa tambaya in dutsen farko ya tashi.

Na ɗaga murya na ce, "Kwalli ne. Wallahi kwalli ne a ciki. Kakana ne."

Wasu suka juyo. Abin takaici, waɗanda suka juyo sun san ni.

"Kai, rufe mana baki," in ji wani maƙwabcinmu mai wanki da guga. "Yau ba ranar tatsuniyarka ba ce."

Dogon yana can gefe. Ya nuna ni da sandarsa. "Da bakinka ka faɗa. Ka ce ko faɗuwa ya yi."

"Baba," ɗan sandan ya sake cewa, muryarsa ta fara tsinkewa. "Ba zan sake faɗa ba."

Na dubi kakana. Ba ya jin kowa, amma ya ga bindigar. Jikinsa ya miƙe, doron nan da na saba tsokana ya ɓace. Idanunsa a buɗe suke amma ba titin masallaci suke gani ba. Leɓunansa na motsi. Irin wannan fuskar na taɓa gani sau ɗaya, ranar da tayar babbar mota ta fashe a ƙofar gidanmu, Iya ta kore mu duka ta rufe ɗaki.

Ban yi shawara ba. Da na yi da ban tafi ba. Na yar da darduma na bi ta ƙarƙashin hannun mai shuɗiyar shadda na shiga filin. Ban taɓa sanin titin nan na da faɗi haka ba.

"Koma baya, yaro."

"Yallaɓai, ba ya ji ta nan," na ce, hannayena a sama. "Kunnen ya mutu. Bari in je ta hagu."

Bai ce in je ba, bai kuma ce kada in je ba. Bakin bindigar ya bi ni kaɗan, ya koma kan tsohon. Na zagaya ta hagu na matsa har ina jin ƙamshin turaren rigarsa.

"Baba Kofur, ni ne. Ba ni abin."

Ya juyo ya dube ni, ya kira ni da wani suna da ban taɓa ji ba a gidanmu. Ya kama kafaɗata da ɗaya hannun, da ƙarfin da ban san yana da shi ba, yana danna ni ƙasa.

"Duƙa," ya ce a hankali. "Ka duƙa mana. Suna gani."

A bayana na ji wani ya ce, "Ku ja yaron, zai tashi da shi." Dutse ya faɗo kusa da ƙafata ya gangara. Ƙarami ne. Na san na gaba ba zai zama ƙarami ba.

Mutum ɗaya ce a duniya ke karɓar abin nan daga hannunsa, tana kuma kwance a asibiti da ƙarin ruwa a hannu. Na kai baki kusa da kunnensa, na matse hanci kaɗan yadda nake yi a bayan labule, na saka ɗan faɗan nan nata a ciki.

"Kofur, miƙo nan, rana na yi. Ɗaga kai ka dube ni."

Hannun da ke kafaɗata ya saki. Ya yi ajiyar zuciya mai tsawo. Yatsunsa suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, sannan a gaban jama'ar Juma'a duka, da bindiga a kansa, kakana ya ɗaga haɓa ya ware ido yana jira.

Na ɗauki kwanson. Ya yi zafi, ya jiƙe da gumi. Na ɗaga shi sama don kowa ya gani, na kama murfin na ja. Murfin yana da ɗan tauri, in ya fita yakan yi 'yar ƙara. Da ta yi, rabin jama'ar suka kwanta a ƙasa, har da mai wanki da guga, wanda ya shigar da kansa ƙarƙashin teburin mai hula ya bar sauran jikin a hannun Allah.

Na nuna tsinken, baƙi ƙirin. Ba wanda ya motsa. Sai na ga ba abin da zai gamsar da su sai ido. Ban taɓa sa kwalli da kaina ba. Na tsokane idon hagu, hawaye ya zubo, na ja tsinken ya wuce har kusa da kunne.

"Ga shi," na ce ina hawaye baƙi. "Kwalli."

Can baya wani ya yi dariya, gajeruwa, irin ta wanda ya daɗe bai numfasa ba. Mai shuɗiyar shadda ya dubi ƙafar bencin da ke hannunsa kamar wani ne ya ba shi ajiya, ya jingine ta a bango.

Baba Kofur har yanzu haɓarsa na sama. Na ga tunda an zo nan bari in ƙarasa aikin, na kai tsinken wajen idonsa. Ya lumshe, ya buɗe, ya gan ni. Ni ɗin sosai wannan karon. Ya buge hannuna.

"Ba kai ba."

Ɗan sandan ya sauke bindiga ya zo. Da ya matso na ga saurayi ne, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya karɓi kwanson ya juya gindinsa, ya ga ɗan lotsawar da ke tsakiya.

"An harba wannan tun ba a haifi ubana ba," ya ce. Ya zazzaga kaɗan a bayan hannunsa ya murza. Sannan ya rufe, ya buɗe aljihun rigarsa. "Amma sai an tafi da shi ofis. Kun ga abin da ya jawo."

Na san in ya shiga aljihun nan ya shiga ke nan. Na buɗe baki zan fara bayani, kuma na riga na shirya mai kyau, har da gwamna a ciki. Baba Kofur ya taka min ƙafa. Ya juyo da kunnen hagu wajen ɗan sandan.

"Mi ya ce?"

Na faɗa masa.

"Ɗana," ya ce, "da nawa ne da na bar maka. Ba nawa ba ne. Mai shi tana kwance asibiti, ita ta ce in kai mata. In ka tahi da shi, sai ka zo mu je ka gaya mata da bakinka, don ni ba ni iyawa."

Ɗan sandan ya dubi farin idon tsohon, ya dubi nawa da ya zama kamar gindin tukunya. Ya ɗan tsaya yana shafa itatuwan kwakwar da babban yatsa. Sannan ya kama hannun Baba Kofur ya sa masa a tafi.

"Kada abin nan ya sake zuwa masallaci, Baba."

"Bai taɓa zuwa ba sai yau."

Muka samu salla da ƙyar, a waje, kan dardumar da aka tattake. Da farko an bar mana fili hagu da dama kamar masu ƙyanda. Da aka ce a daidaita sahu, wani ya matso ya haɗa kafaɗa da kakana. Da na saci kallo, shuɗiyar shadda na gani.

Muka hau keke napep muka yi nisa. Na tabbatar ina gefen hagu, na tambaye shi wane ne mai sunan da ya kira ni da shi. Na zaci zai ce in duba hanya. Sai ya dubi hannunsa a dunƙule kan cinya.

"Shi ke riƙe min kwanson ina bugawa," ya ce. "Yaro ne kamarka, ga surutu. Kogin ma shi ya ce in sa." Mai keken ya kauce wa rami. "Na ce mashi shi duƙa."

Bai ƙara ba. Ni ma, karo na farko a tarihin Ƙofar Durbi, ban ƙara ba.

Mun sami Iya a zaune, an jingina ta da matashi, Mamanmu na ɓare mata lemo. Ni ta fara gani.

"Wa ya yi wa mijina wannan aika-aika? Kai da wa kuka yi dambe?"

"Iya, ba za ki yarda ba. Sojoji sun kai dubu, ga jirage..."

"Na ji. Matsa in ga tsohon."

Baba Kofur ya zauna a bakin gadon. Gadon asibiti ya fi na gida tsawo, ƙafafunsa ba su kai ƙasa ba. Hannunsa na dunƙule. Iya ta dube shi, ta dubi ƙurar da ke rigarsa, ta sake duban idona, na kuma san ta gane an yi wani abu. Ba ta tambaya ba. Ta sa Mamanmu ta juyo mata da kunnensa na hagu, don na dama ne ke wajenta.

"Kofur, miƙo nan, rana na yi."

Muryarta ta yi rauni ƙwarai. A ranar, gaskiya, na fi ta kama da ita. Ya buɗe hannu. Ta kasa jan murfin saboda allurar ƙarin ruwa, ni na ja mata. Matar gadon kusa ta leƙo, ta ga abin, ta ja mayafi ta rufe kai.

"Ɗaga kai ka dube ni."

Ta daɗe a ido ɗaya, layin ya karkace, ta lashi yatsa ta gyara. Shi kuwa ko ƙiftawa bai yi ba. Da ta gama ta riƙe haɓarsa ta juya fuskar hagu da dama.

"To. Yanzu na gane ka."

Ta rufe kwanson, maimakon ta mayar masa sai ta tura shi ƙarƙashin matashinta.

"Nan zai kwana. In kana so, ka san inda nike ran Juma'a." Ta juyo gare ni. "Kai kuma zo in daidaita maka ɗayan, kada a ce mijina mai ido ɗaya ne."